Kalmar da Zinariya Ta Ƙi Faɗa a Tashar Gazawa

Duk wanda ya sauka a tashar motar Gazawa kafin daminar bara ya san rumfar da ke hannun dama in an shigo ƙofa, ƙarƙashin bishiyar dogon yaro. Rumfar Maharazu ake ce mata, ko da yake Maharazu ya rasu shekara goma sha ɗaya ke nan. Gyaran rediyo da tocila ya yi a wurin har ƙarfinsa ya ƙare. Ɗiyarsa Zinariya ta bar lakol, wato makarantar boko, a aji na uku na koleji, ta zauna gefensa tana riƙe masa waya yana liƙewa da dalma. Da ya rasu, shugabannin sandika, wato ƙungiyar direbobin da ke riƙe da tashar, suka ce ta ci gaba da zama. Ba takarda aka rubuta ba. Magana ce ta baki, kuma ta riƙe shekara goma.

Lokacin da ta gaji rumfar, rediyo ya riga ya fara ja da baya. Sai ta ɗora faifan sola biyu a kan rufin, ta jera wayoyin caji a kan tebur, ta sayi tsohuwar kwamfuta daga wani ɗan kasuwa da ke zuwa daga ƙetaren iyaka. Fasinja ya sauka, ya ba ta waya ta sa masa caji. Wani yana son karatun Alƙur'ani, wani waƙa, wani kuma wasan bidiyo. Ta tura masa, ya hau mota. Ta rubuta lambarta da jan fenti a jikin allo ta rataya a ƙusar da ubanta ke rataya rediyonsa, don masu barin waya su kira su ji ko ta cika.

Shekarunta talatin da huɗu. Mijinta Rabilu tela ne a bakin kasuwa, 'ya'yansu uku. Ba ta taɓa shiga wata ƙungiya ba, ba ta taɓa zuwa taron ƙara wa juna sani a Maraɗi ba. Ya kamata a faɗi wannan tun da wuri, domin daga baya an ce Turawa ne suka biya ta.

Zinariya ba ta tura wa mutum wasan da ba ta gwada ba. Dalilinta na sana'a ne: in wasa ya ƙi buɗewa a hanya, ita za a zaga. Da gwaji da gwaji hannunta ya faɗa. Tsakanin motar safe da ta azahar, in tasha ta yi shiru, sai a same ta ta sunkuya kan waya, manyan yatsunta biyu suna aiki. 'Yan kabu-kabun ƙofar tasha, masu haya da babur, sun san haka. Da yawa daga cikinsu sun kawo mata waya ta tsallake masu matakin da ya gagare su, su koma wurin abokai su ce su suka ci.

Abin ya faro ne daga ɗiyarta Hafsatu mai shekara tara. Wata Asabar da babu lakol yarinyar ta zauna a rumfar, uwar ta ba ta waya ta yi wasan faɗa. A irin wasan, sai ka zaɓi jarumin da za ka yi faɗa da shi. Hafsatu ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta daɗe, sannan ta ɗago kai.

"Inna, in na zaɓi mace sai na tuɓe?"

Zinariya ta ce ta fi shekara biyar tana ganin hotunan nan, amma sai ranar ta dube su da kyau.

Bayan kwana goma, gidan rediyon garin ya yi shiri kan yara da wayar hannu, aka buɗe layi. An gayyaci wani malamin lakol da wani limami, aka kuma kira Zinariya a matsayin wadda ke tura wasannin. Faifan shirin yana nan har yanzu. Maganarta minti huɗu ce da daƙiƙa goma sha ɗaya, kuma ga mafi yawanta:

"Ni dai ban ce a hana ba. Ni ma ina yi, kuma na fi rabin masu saurarenmu iyawa. Abin da nake cewa, ku duba yadda ake zana mata a ciki. Namiji zai fita yaƙi an rufe shi da ƙarfe tun daga kai har tafin ƙafa. Mace za ta fita yaƙin nan dai, da ɗan ƙyallen da bai isa in goge gilashin waya ba. Shi takobin can ya san mace ne, da zai kauce mata? In ba haka ba, to an ɗaure ta a wani ɗaki tana kuka tana jiran mai ceto. In ba haka ba, ita ce ladan da ake miƙa wa wanda ya ci. Yaro ya yi shekara yana kallon wannan, wallahi bai dace ba a ce ba wanda ya taɓa tambayarsa me ya gani. Ku zauna da su, ku tambaye su. Akwai wasannin da mace ke tuƙa mota, tana noma, tana buga ƙwallo da kayanta a jiki. Ina da su, ba a tambayata ne kawai."

Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Mai gabatarwa ya yi mata godiya, aka sa talla.

A makon ne kuma ƙungiyar iyayen yara ta roƙi masu gidajen wasan bidiyo su riƙa rufewa a lokacin karatu. Maganar ta fi wata biyu ana yin ta, kuma Zinariya ba ta cikin ƙungiyar. Amma abu biyun sun faɗo tare, sai wani ya ɗauki faifan rediyon ya yanke shi. Abin da ya rage daƙiƙa shida ne: "Yaro ya yi shekara yana kallon wannan, wallahi bai dace ba." Kafin Juma'a, duk matashin da ke da waya a Gazawa ya san cewa mai cajin tasha ce ta sa aka rufe gidajen wasa.

Gidan wasan da ya fi kowanne cika a garin na Jibo ne. Shago ne mai telebijin huɗu da benci, a bayan kasuwar hatsi. Jibo ɗan Gwaggo Dija ne, ƙanwar Maharazu. Wato shi da Zinariya taubasai ne, ɗan mace da ɗiyar namiji. Tun suna yara ba su taɓa gaisawa da daɗin baki ba. Shi yana ce mata baiwarsa, ita tana ce masa bawanta, kuma har yau ba a raba gardamar ba. Ranar aurenta ya tsaya a gaban dangin ango ya ce su duba da kyau, ba a mayar da kaya in an saya. Ranar sunan ɗansa na fari ta ce Allah Ya sa yaron ya ɗauko kan uwarsa. An yi dariya duka biyun. A tsakanin taubasai ba a fushi, kowa ya san wannan.

Rufewar safe ta taɓa Jibo. Yana da rukunin WhatsApp na masu wasa, mutum ɗari biyu da wani abu, kuma a ciki ake ta zagin Zinariya. Ya ce shi niyyarsa ya kwantar da wutar ne. Sai ya ɗauki waya ya yi saƙon murya, abin da a nan ake ce wa bokal:

"Jama'a, ku rabu da baiwata Zinariya. Ni na san ciwonta. Haushi take ji matan cikin telebijin sun fi ta ƙugu. Kanta kamar tulun da aka fasa aka liƙe. In kun gan ta ku gaishe mani da ita da kyau, ku ce ubangidanta ya ce ta rufe baki ta koma caji."

Da a tsakar gidan Gwaggo Dija ya faɗi wannan, da Zinariya ta rama da abin da ya fi shi, an tafa an tashi. Ko a cikin Gazawa, manya da suka ji sun gane muryar taubashi. Amma rukunin Jibo ba 'yan Gazawa ne kaɗai ba. Akwai 'yan Agye, akwai na Sae Sabuwa, akwai na Gidan Rumji da ba su taɓa taka garin ba. Su abin da suka ji shi ne: babban mai gidan wasa ya ce a gaishe ta da kyau. Wani ya ɗauki hoton allon rumfarta, da lambar da jan fenti, ya sa a ƙarƙashin bokal ɗin.

Suka gaishe ta. Ranar farko ta daina ƙirga kiran da ya shigo bayan na sittin. Ba ta iya kashe wayar, domin da ita masu caji ke nemanta. Duk kiran da ya shigo sai ta ɗauka, ko mai waya ne, ko mai zagi. Wasu su ce mata baiwa. Wasu su tambaye ta me mace ta sani a wasa. Wani ya ce ta faɗi sunan wasa uku in ta isa. Ta faɗa masa goma sha biyu, ta kuma gaya masa inda yake makalewa a na huɗun. Sai ya zagi uwarta ya kashe.

Dattawa da fari sun yaba mata. Wani alhaji mai awon gero ya zo har rumfar ya ce Allah Ya yi mata albarka, dama shi ya daɗe yana cewa a ƙone na'urorin nan. Ta ce masa ita ba ta ce a ƙone ba, tana yi ma. Ya dube ta ya sake dubawa.

"Kina yi? Matar aure? Ashe duk tsiraicin nan da kike faɗa, zama kike kina kallo."

Ya karɓi wayarsa da ya ba ta caji tun ba ta cika ba. Daga ranar, matasa na cewa ta haɗa kai da dattawa, dattawa na cewa ta lalace da matasa. Ba wanda ya nemi cikakken faifan a cikinsu, ko da yake gidan rediyon na ba duk wanda ya tambaya.

A mako na biyu wani hoto ya fito. An ɗauki fuskarta daga wani hoton biki, da ɗankwalinta, an ɗora a jikin ɗaya daga cikin matan wasan. Rabilu ya gan shi a wayar wani da ya kawo ɗinki. Ya bar keken ɗinki ya taho tasha, inda 'yan kabu-kabu ke ta yaɗa hoton, da almakashi a hannu, bai ma san yana riƙe da shi ba. Sai da direbobi uku suka riƙe shi. 'Yan kabu-kabu suka taru a ƙofa, motar Maraɗi ta kasa fita kusan rabin awa.

An ba ta shawara ta kai ƙara wurin jandarma. Ta ce ta san tambayar farko da za a yi mata: wa ya fara? Kuma ba a kai taubashi jandarma. Sai ta tafi shagon Jibo da kanta, ta sa masa hoton a gaban ido.

"Subhanallahi," in ji Jibo. "Ba ni na yi wannan ba."

"Na sani. Kanka bai kai nan ba. Amma kai ka ce a gaishe ni."

"Haba Zinariya, wasa ne fa. Yau muka fara?"

"Yi wani bokal ɗin ka ce masu su bari."

"In yi, su ce na ji tsoron mace? Ki bari zai wuce. Su ma yaran wasa suke."

Ta ce a kwanakin nan ta ji kalmar har ta gundure ta. Ta yi magana kan matan da ake zanawa, an ce wasa ne. Ta yi magana kan zagin Jibo, an ce wasa ne. Ta nuna hoton, an ce yara ne ke wasa. Abu uku daban-daban, suna ɗaya, kuma duk wanda ya faɗi sunan sai ya ga ya gama magana.

Washegarin rigimar ƙofa, sarkin tasha Abdu Chindo ya kira ta buro, wato ofishinsa. Mutum ne da ya yi zamani da Maharazu, kuma shi ya tsaya mata lokacin da wasu suka ce mace ba ta zama a ƙofar tasha. Ya ba ta kujera, ya sa aka rufe ƙofa.

"Ɗiyata, ni ban san wasan nan ba, ban kuma son in sani. Abin da na sani, jiya mota ta yi rabin awa ba ta fita ba. Direbobi sun kawo ƙara. 'Yan kabu-kabu sun ce in kina nan, za su koma ɗaukar fasinja a bakin hanya."

"Baba, ni aka zaga. Ni aka yi wa hoto."

"Na gani, kuma Allah Ya isar maki. Amma abin mai sauƙi ne. Ki yi irin bokal ɗin nan, ki ce abin da kika faɗa a rediyo wasa kike. Ba haƙuri na ce ki ba kowa ba. Kalma ɗaya. Su ji, su yi dariya, kowa ya kama gabansa."

"Amma ba wasa nake ba, Baba."

"Na sani! Wa ya ce da gaske za ki faɗa? Faɗa kawai za ki yi."

Ya ba ta zuwa ranar kasuwa, kwana biyar. In ba ta yi ba, ta ɗauke teburinta. Ya ce ransa bai so, amma tasha ba tasa ba ce shi kaɗai.

Rabilu ya ce ta faɗa. Yayyenta biyu suka ce ta faɗa, rumfar ubansu ce. Ita kanta ta ce ta ɗauki wayar sau biyu ta danna, ta ce "Assalamu alaikum jama'a," sai ta tuna Hafsatu za ta ji, ta goge.

Ana saura kwana biyu, bayan azahar, ta je gidan Gwaggo Dija. Tsohuwar ta haura saba'in, daddawa take yi tana sayarwa, kuma wayarta irin mai maɓalli ce da ba ta buɗe hoto. Duk abin da ake yi ba wanda ya gaya mata. Zinariya ta gaishe ta, ta kunna mata bokal ɗin Jibo. Gwaggo ta saurara, ta fashe da dariya har da tafi.

"Tulun da aka liƙe! Kai, ɗan nan. To ke me kika ce masa?"

"Ban ce komai ba, Gwaggo. Ba ni ya aika wa ba."

"Wa ya aika wa?"

"Mutum ɗari biyu."

Dariyar ta tsaya. Zinariya ta buɗe hoton ta miƙa mata. Gwaggo ta kai shi nesa da ido, ta dawo da shi kusa.

"Fuskar taki ce. Jikin na wa?"

"Na wata ce a cikin wasan da ake yi a shagon Jibo."

"Ɗauko mani takalmina."

A shagon akwai matasa kusan ashirin, duk telebijin huɗun na aiki. Da suka ga tsohuwa da sanda ta shigo, sai hayaniya ta mutu. Jibo ya taso da sauri.

"Inna, lafiya? Me ya kawo ki nan?"

"Shekara shida kana wannan sana'a ban taɓa leƙowa ba. Nuna mani matar."

Ya yi ta kame-kame. Zinariya ta karɓi abin sarrafawa daga hannun wani saurayi, ta danna sau uku, matar ta fito a tsaye tana juya takobi. Gwaggo ta matsa har hancinta ya kusa taɓa gilashin.

"Wannan wa ya sace mata zane?"

Wani ya yi dariya a baya, ya haɗiye ta.

"Haka aka yi ta, Inna. Jaruma ce, faɗa take yi."

"Da wa?"

Zinariya ta fito da abokin faɗan, ƙato cikin sulke, ko idonsa ba a gani.

"To shi sanyi yake ji, ita zafi? Ba gari ɗaya suke ba?" Ta juya ga matasan. "Wannan ce maganar da ta faɗa a rediyo? Don wannan kuke kiranta?"

Jibo ya ce, a hankali, shi dai wasan taubasai ya yi, kuma Inna ta san ba a fushi da shi.

"Kai za ka koya mani wasan taubasai? Ni da taubasaina mun yi shi har ukunsu suka mutu. Ido da ido ake yi. Ka zage ta tana tsaye, ta rama, a yi dariya, ku ci tuwo kwano ɗaya. Kai ka zage ta inda ba ta nan, ka ba baƙi bakinka su tafi da shi. Waɗannan ɗari biyun, ni na haife su? Maharazu kawunsu ne? Nuna mani wanda na goya a cikinsu, in ba shi izini ya ce mata baiwa."

Ta sa shi ya yi sabon bokal a nan take, tana tsaye a kansa. Sau uku tana sa shi ya yi, don a biyun farko ya sa dariya a muryarsa. A na ukun ya faɗi cewa Zinariya ɗiyar kawunsa ce, zagin da ya yi mata hakkinsa ne shi kaɗai, bai ba kowa aro ba. Ya ce wanda ya yi hoton ya ci mutuncin gidansu, kuma duk wanda ya sake kiranta kada ya ƙara taka masa shago.

Kiran ya ragu, amma bai tsaya ba. Bokal na farko ya kai har Gidan Rumji cikin yini ɗaya. Na biyun, yawancin waɗanda suka tura shi sun tura ne da rubutu a ƙasa cewa uwar Jibo ta zane shi a gaban yara. Wanda ya yi hoton ba a gano shi ba har yau.

Zinariya ta kai wa sarkin tasha sabon bokal ɗin. Ya saurara har ƙarshe, ya ce Jibo ya kyauta. Sannan ya ce ba maganar Jibo 'yan kabu-kabu ke jira ba, tata suke jira.

"Baba, ka taɓa jin abin da na faɗa a rediyon? Minti huɗu ne. Ga shi nan a wayata."

"Ɗiyata, ko na ji, me zai canza?"

Ranar kasuwa da hantsi, tasha cike, Rabilu ya kawo amalanken jaki. Suka sauke faifan sola biyun, suka ɗora tebur da kwamfuta. Ta mayar wa kowa wayarsa, mai cika da marar cika. Daga ƙarshe ta cire allon daga ƙusa. Ta so ta cire ƙusar ma, amma itacen ya riga ya haɗiye rabinta. Wasu daga cikin 'yan kabu-kabun da ta sha tsallake wa mataki suna zaune a kan baburansu suna kallo. Ɗaya ya taso ya kama mata ƙafar tebur, ya koma. Kafin sati ya zagayo an ba wani mai shayi wurin.

Filin da shagon Jibo ke kai na Gwaggo Dija ne, gadon mijinta. Ta aika aka gaya masa ya share gefen ƙofa, ya kafa wa Zinariya rumfa da kuɗinsa da hannunsa. Ya ce masu wasa za su gudu. Ta ce su gudu. Ba su gudu ba, don babu wani shagon mai telebijin huɗu.

A nan Zinariya take yanzu. Bayan kasuwar hatsi ba tasha ba ce: fasinja ba ya biyowa, kuma ranakun da ba kasuwa tebur kan yini rabinsa babu waya. Ba ta ɓoye cewa an cuce ta ba, ba ta kuma yarda in an ce mata hakan ya fi alheri. Kullum da safe hanyarta ta ƙofar tasha take bi, ta ga mai shayi ya rataya matacinsa a ƙusar ubanta.

Matasan da suka zage ta yanzu sai sun wuce ta gabanta kafin su shiga wasa. Wasu su sunkuyar da kai, wasu su gaishe ta kamar ba abin da ya faru. In mutum ya kawo waya ya ce a tura masa wasan faɗan nan, tana tura masa. Amma kafin ta miƙa, sai ta buɗe wurin zaɓen jarumai ta nuna masa, ta tambaye shi ko ƙanwarsa za ta fita haka. Wasu su yi dariya, wasu su ji haushi, kaɗan su tsaya su yi gardama. Ta ce masu gardamar ta fi so, don su aƙalla sun duba.

Jibo kan leƙo daga ƙofa da hantsi.

"Baiwa, an share mani ƙofar shago?"

"Bawan da uwarsa ta sa ya yi bokal sau uku ne ke magana?"

Wannan ba ya ba ta haushi. Yana gabanta, tana ramawa.

Watan jiya Abdu Chindo ya aiko wani direba. Mai shayin ba ya share wurin, fasinjoji kuma suna ta tambayar inda za su sa caji. Ya ce rumfar Maharazu na nan, gobe ma in ta so. Ƙura ta lafa, ba sai ta yi bokal ba. Ta zo buro kawai, a gaban shugabannin kabu-kabu uku, ta ce wancan zancen na rediyo wasa ne, don su ma su sami abin faɗa wa yaransu.

Zinariya na cikin liƙe wata wayar caji da dalma, irin yadda ubanta ya koya mata. Ba ta ɗago ba sai da ta gama. Ta tambayi direban ko yana da wuri a wayarsa. Ya ce akwai. Ta karɓa, ta tura masa faifan rediyon, cikakkensa, minti huɗu da daƙiƙa goma sha ɗaya.

"Ka kai wa Baba. Ka ce ina gaishe shi, ina kuma son rumfar ubana. In sun zauna su huɗun sun ji wannan har ƙarshe, su nuna mani inda wasan yake, sai in zo in faɗa."

Direban ya tafi da saƙon. Har ranar da aka rubuta wannan, ba a aiko da amsa ba.